Baffa Ya Faɗi Inda Aka Haife Ni

Gwaggo Huseina,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha tara suka rage mini. Kada ki sa sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ko babu suna, tunda labarin ya riga ya gama ƙauyenmu, har masu sayar da goro a tashar Madani sun ji.

Ni ɗan wani ƙauyen Hausawa ne a Jazira ta Sudan, tafiyar awa biyu a lori daga Madani. Mahaifina ya rasu tun ina rarrafe, wansa Alhaji Attahiru ne ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Ba mu da hawasha tamu, wato gonar da hukumar noman auduga ke yanka wa manomi. A ta wani muke noma, a raba amfani. Tun ina shekara shida nake cirar auduga, na yi tsargiya sau biyu saboda ruwan magudanar gona. Duk da haka Allah Ya yi mini karatu, har na je Hartum na karanta shari'a, na gama bara. A ƙauyenmu kaf ni ne na farko.

To, kin san ba a gama jami'a a wayi gari lauya. Sai mutum ya zauna ƙarƙashin wani babban lauya ya koyi aiki, abin da ake kira tamrin, shi lauyan ya yi masa rajista, daga ƙarshe ya sa hannu cewa ya ƙware. Idan babu wannan sa hannun, takardar jami'ar taka sai dai ka yi fifita da ita.

Wata bakwai na yi ina neman ofishin da zai ɗauke ni. Takarda goma sha ɗaya na rubuta, na ari keken rubutu na buga su tsaf, na bi ofisoshin lauyoyin Madani ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, har takalmina ya buɗe baki. Wannan ya ce bukra, wato gobe, wancan ya ce bayan salla. Wani ya dubi sunana, ya dubi fuskata, ya tambaye ni yana dariya wai ko da Hausa zan yi wa alƙali bayani. Ni da na fi shi nahawun Larabci, wallahi! Wani kuma ya ce zai ɗauke ni, har na fara godiya, ashe tafinta yake so, in riƙa fassara masa maganar 'yan uwanmu masu cirar auduga idan sun kawo ƙara, amma batun rajistar tamrin babu shi. Na ce masa na gode, na fito idanuna cike da hawaye.

Sai a ofishi na goma sha ɗaya Allah Ya haɗa ni da mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, Ustaz kawai zan ce. Dattijo ne, ofishinsa na saman wani kantin yadi kusa da kotu. Bai tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Ya zaunar da ni, ya yi awa guda yana yi mini tambayoyi a kan dokar ƙasa da haƙƙin mai noma a gonar wani, na ba shi amsa, har muka yi musu a kan wata mas'ala, ya ɗauko littafi ya duba ya ga ni ke da gaskiya. Ya yi murmushi ya ce in fara ranar ɗaya ga wata. Ya karɓi takarduna uku don rajista: ta jami'a, ta haihuwa, da jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa, domin wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya lauya.

Kuskurena ɗaya, Gwaggo, murna ta sa na je gida na faɗa.

Baffa na jin haka ya ce ai ba a yi haka ba. Wai yaro ba ya kai kansa wurin maigida, manya ke zuwa su damƙa shi hannu da hannu, kamar yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko tela. Idan ba a yi ba, wai Ustaz zai ɗauka ni ɗan tsintuwa ne mara kowa. Na roƙe shi, na yi masa bayani cewa aikin ofis ba haka yake ba, takarda ce ke magana. Ya ce to, ya ji. Ashe jin kunne ne kawai.

Ranar Laraba ina Hartum wurin karɓo wata shaida, Baffa ya kwashi dattawa biyar, suka sha manyan riguna da rawuna, suka hau lori da rago da ƙwaryar goro, sai Madani. Rago, Gwaggo! A ƙarfen matakalar ofishin suka ɗaure shi, yana ta kuka, masu shari'a suna tsallake kashinsa suna hawa. Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye kunyar na yi shiru. Ustaz mutumin kirki ne, ya karɓe su hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, aka yi fatiha.

Daga nan Baffa ya gyara zama ya shiga kawo asali. Kin san tsofaffinmu, ba su da abin alfahari kamar hanya. Ya faro tun daga fitowarsu ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, garin da suka yi damina, garin da jakinsu ya mutu, inda suka yi ƙwadago wata huɗu. Don ya nuna wa Ustaz irin albarkar da ke tare da ni, sai ya ce ai ni ɗan hanyar Makka ne, a kan hanya aka haife ni, a gindin wata bishiya a ƙasar da Faransa ke mulka, kwana biyu kafin su haye iyakar ƙasar nan su shigo Jinaina. Ustaz ya sake tambayarsa ko ya tabbata. Baffa ya ce ƙwarai, ya ƙara da shekara, da sunan ƙoramar da suka sauka, da yadda sojan kan iyaka ya leƙa zanen goyo ya gan ni ja wur. Dattawan nan biyar suna gyaɗa kai suna cewa haka aka yi. Akawun ofis na zaune yana jin komai.

Takardata kuwa cewa ta yi a ƙauyenmu na Jazira aka haife ni, kuma a kan wannan aka gina jinsiyata.

Na rantse miki da Allah ban taɓa sani ba. Lokacin da zan shiga sakandare aka ce sai da takardu. Baffa yana Hijaz a shekarar, ya tafi cika hajjin da ya fito dominsa. Likita ya duba haƙorana ya ƙiyasta shekaruna, shehun ƙauye, wato mai garinmu, da wani malaminmu suka shaida cewa nan aka haife ni. Shehun ya san ni tun ina goye, a ganinsa ai shi ke nan. Inna mahaifiyata kuwa, ni ɗan fari ne, kin san al'ada. Ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta zauna ta ba ni labarin haihuwata. Wa zan tambaya, kuma me zai sa in tambaya? Akwai wanda ke tashi da safe ya ce a gaya masa inda aka binne cibiyarsa?

Washegarin zuwansu Ustaz ya aiko in zo. Ya rufe ƙofa, ya ajiye takarduna a kan tebur, ya ce shi ba zai iya sa hannu a rajistar da ya ji da kunnensa cewa tushenta na da shakka ba. Ya ce bai gaya wa kowa ba, ya kuma ja kunnen akawunsa. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in kawo hujjar cewa tsohon ne ya ruɗe, ko in san yadda zan gyara takarduna. Ya kuma gaya mini ƙarara cewa kujera ɗaya gare shi, kuma akwai ɗan wani attajiri da ke jiran ta. Ragon ma wai yana gidansa bai yanka ba, in zo in ɗauka duk ranar da na so.

Na koma gida kaina na hayaƙi. Na sami Baffa a ƙofar masallaci bayan la'asar, na ce masa ai ya riga ya kashe ni. Ya dube ni da mamaki ya ce ƙarya ya yi? Na ce ya taimake ni ya koma ya ce wa Ustaz tsufa ne ya sa ya haɗa ni da wani jariri, idan ta kama ya dafa Alƙur'ani, magana ta mutu. Ya ce ko kusa. Wai shi ya yi mini kiran salla a kunne a gindin bishiyar nan, shi ya yanka akuyar sunana a Jinaina, kuma bai taka ƙasa daga Sakkwato zuwa Makka don ya dawo ya yi rantsuwar ƙarya saboda kujerar ofis ba. Kujerar ofis! Shekara goma sha bakwai na karatu ita ce kujerar ofis. A nan na ɓalle, na zazzaga masa magana da Larabci a gaban jama'a, na ce jahilcinsu ne ya sa har gobe muke noma gonar wasu. Na san bai kamata ba, amma har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba. Na shiga wurin Inna na tambaye ta kai tsaye, ta juya mini baya ta ci gaba da tankaɗe.

Yanzu ƙauye ya rabu biyu, kuma mafi yawa cewa suke boko ya lalata ni. Ba wanda ya tsaya ya ce wannan yaro an cuce shi. Haba, Gwaggo! Ban san wata ƙasa ba sai wannan. Ban taɓa ganin Sakkwato ba, Faransanci ko gaisuwa ban iya ba. A ƙasar nan na yi haƙori, a ƙasar nan aka binne ubana. Kwana biyu na tafiyar jaki su ne za su mai da ni baƙo? Kuma a rasa wanda zai tona sai mutumin da ya rene ni, bayan na roƙe shi kada ya je?

Abu biyu nake tambayar ki. Ta wace hanya zan bi in sa Baffa ya janye maganarsa kafin wata ya ƙare? Idan kuma ya ƙi, ina tunanin in tattara takarduna yadda suke in tafi Bur Sudan ko Kasala, in nemi tamrin inda ba wanda ya san ni, kada in gaya wa kowa a gida inda ofishin yake. Zuciyata na ce mini haka ne kawai mafita. Ki gaya mini gaskiya.

Naki,
Mai Takaici daga Jazira

*

Ɗana Mai Takaici,

Na yi dariya da na zo wurin ragon nan a matakala, ba zan ɓoye maka ba. Da na ci gaba da karatu sai dariyar ta tsaya. Gaskiya ka nema, to ga ta.

Fushinka yana da dalili. Ka roƙi Baffanka kada ya je, ya ce to, ya zagaya ya tafi. Wannan bai kyauta ba, girma ba ya hana a faɗa. Kuma abin takaici ne a ce yaron da ya tashi a gonar auduga ta Jazira sai ya tsaya yana kare kansa cewa shi ɗan nan ne. Dubban mutanenmu na cikin irin wannan hali, sai dai su ba wanda ya kai rago ya tona su. Na ji maka zafi ƙwarai.

Amma tsohon nan bai je don ya kashe ka ba. Ya je ne ya nuna wa Ustaz cewa kana da mutane, ya kuma ɗauko abu mafi daraja da ya mallaka ya yi maka ado da shi. Bai san abin da takardarka ta ce ba, kai da bakinka ka ce yana Hijaz aka yi ta. Kuskure ya yi. Abin da kai ka nema daga gare shi kuwa ya wuce kuskure. Kai ka karanta shari'a, ni ban karanta ba, saboda haka ka fi ni sanin sunan laifin mutumin da ya kitsa wa shaida abin da zai faɗa, ya kuma ce masa ya dafa Alƙur'ani a kai. Da wannan kake so ka buɗe aikin lauya? Tambayarka ta farko ba ni da amsarta, kuma ko ina da ita ba zan ba ka ba. Ka bar tsohon nan da rantsuwarsa.

Batun gudu kuma, ka cire shi daga ranka. Wane gari ne a ƙasar nan babu direban lori ko mai goro daga Jazira? Ko wata uku ba za ka yi ba wani zai gan ka a bakin kotu. A ce ma ka tsira, ka samu lasisi, ka yi suna. Ranar da ka kayar da wani babba a shari'a, lauyansa zai fara tono, kuma dattawa shida da akawu ɗaya sun san maganar. A lokacin lasisin ne zai tafi gaba ɗaya, da mutuncinka tare. Kafin ranar kuwa kullum gabanka na faɗuwa idan ka hango farin rawani ya nufo ofishinka. Ga mahaifiyarka da za ka bari ba ta san inda kake ba. Kada shirunta ya ruɗe ka, ba kiran suna ne kaɗai so ba.

Kuma ka sake duban Ustaz da kyau. Lauyoyi goma sun yi maka bukra da murmushi. Wannan ya rufe ƙofa, ya faɗa maka abin da ke akwai, ya rufa maka asiri, ya ba ka lokaci. Ba a yi wa wanda ake so a rabu da shi haka.

Ga abin da nake so ka yi. Gobe ka je ka sami Baffanka a ƙofar masallacin nan, a gaban mutanen da suka ji ka zage shi. Ka cire takalmi ka durƙusa ka ba shi haƙuri, kuma da Hausa, tunda da Larabci ka yi ɓarnar. Ka yi shi ko zuciyarka ba ta huce ba, za ta biyo baya. Bayan haka ka daina matsa wa mahaifiyarka, ba za ta yi magana da kai ba, ka sani. Ka nemi matan da suka yi tafiyar tare da ita, ka aika matar Baffanka ko wata tsohuwa ta tambaye su, ita ma mahaifiyar taka ta bakinsu za ta amsa. Maza na gefe ake haihuwa, mata su ne suka san wuri da rana. Mai yiwuwa su tabbatar da maganar Baffa, mai yiwuwa su ce an riga an haye iyaka. Kada ka nuna musu amsar da kake so. Abin da suka faɗa ka rubuta shi yadda yake, da sunayensu.

Sannan ka koma wurin Ustaz cikin makon nan, kada ka jira ranar ƙarshe. Ka ajiye masa rubutun, ka ce ka zo a matsayin mai neman lauya. Na san akwai hanyar da wanda ya daɗe a ƙasa ke bi ya nemi jinsiya da sunansa na gaskiya da wurin haihuwarsa na gaskiya, amma sharuɗɗanta da tsawon lokacinta shi zai gaya maka, ni ba fagena ba ne. Kada ka taka kowane ofishin hukuma kafin ka ji ta bakinsa, domin shehunku da malaminka da suka yi maka shaida da kyakkyawar niyya suna iya shiga matsala, wajibi ne a san yadda za a kare su. Ka kuma roƙe shi ya bar ka kana zuwa kana karanta takardun shari'o'i, kana bin sa kotu ko babu rajista, har abin ya warware.

Ba zan yi maka alkawarin daɗin baki ba. Yana iya ba ɗan attajirin kujerar, kuma gyaran takarda na iya cin shekara, ko biyu. Zai yi ciwo, za ka ga waɗanda ka fi ƙoƙari sun riga ka sa baƙar rigar lauya. Amma ranar da ka sa taka, babu wanda zai iya miƙewa a kotu ya ce ka cire. Kuma duk wanda aka haifa a kan hanyar nan ya zo da takarda mai shakka, zai tarar da lauyan da ya bi ta wurin da ƙafarsa, ya san kowace ƙofa.

Ka tashi ka je wurin tsohon nan, ɗana, kwanakinka na tafiya. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya daidaita tsakaninku, Ya nuna wa Baffanka ranar da za ka tsaya gaban alƙali yana raye.

Gwaggonka,
Huseina